Farfaɗo da Harsasan da Aka Daina Ƙerawa: Daga Rumbun Katmandu Zuwa Kotun Birmingham

A shekarar 2003 rundunar sojan Nefal ta sayar da tsohon rumbun makamanta da ke Lagan Silekhana, wani daɗaɗɗen gidan sarauta a birnin Katmandu, ga wasu kamfanoni biyu na Amurka masu cinikin kayan tarihi, International Military Antiques da Atlanta Cutlery. Kayan sun kai tan 430, a cikinsu akwai bindigogi sama da 50,000, an jibge su bisa juna shekara da shekaru, tsohon maiƙo da ƙura sun daskare a jikinsu har ba a iya karanta rubutun da ke kan ƙarfen sai an kankare. Ƙasar tana cikin yaƙin basasa a lokacin, kuma ni a ganina ta yi asarar wani babban yanki na tarihinta a wannan ciniki. Amma a Amurka da Turai abin ya zama biki ga masu sha'awar tsofaffin makamai. Bindigar Martini-Henry da ta Snider, waɗanda a da sai mai hannu da shuni ko gidan tarihi, sai ga su a kasuwa da araha, dubbai.

Wanda ya saya ya wanke ya goge, ya tarar ƙarfen na nan da ƙarfinsa, sai tambaya ta taso: ina harsashi? Babu kantin da zai shiga ya samu. Manyan masana'antun da suke ƙera shi sun daina tun da daɗewa. Ita kuwa bindiga ana ƙera ta ne a kan harsashi guda, kamar kwaɗo da mabuɗinsa. Mazaunin da harsashin ke shiga a gindin bututu an fafe shi daidai da tsawonsa da kaurinsa da siffar wuyansa, bambancin da bai kai kaurin gashi biyu ba yana iya hana shi shiga, ko ya sa ya shiga ya fashe. Ƙarfe da katako suna iya yin shekara ɗari biyu in an kula da su. Abin da ke fara ɓacewa shi ne ɗan abin nan da ake harbawa sau ɗaya a jefar da kwansonsa, kuma daga ranar da ya ɓace bindigar ta koma kayan ado a bango.

Harsashi abu huɗu ne aka haɗa wuri ɗaya: kwanso na tagulla, ƙyastu da ke gindinsa wanda allurar bindiga ke doka ya ba da tartsatsi, albarushi, sai ƙwayar da ke fita ta bututu. Mai son ya dawo da harsashin da ya mutu sai ya warware matsala huɗu, kuma kowace da irin wuyarta.

Harsashin Martini-Henry, wanda ake kira .577/450, ya isa misali domin ya bi kusan duk matakan da harsashi ke bi daga haihuwa zuwa mutuwa zuwa dawowa. A 1866 Ingila ta ɗauki dabarar wani Ba'amurke, Jacob Snider, ta mayar da tsofaffin bindigoginta na Enfield masu ɗuri ta baki suka koma masu ɗuri ta gindi, da harsashi mai faɗin inci 0.577. Shekara biyar bayan haka, a 1871, ta karɓi sabuwar bindiga wadda ta haɗa makullin Friedrich von Martini na Suwizalan da tsarin tsagar bututu na Alexander Henry, maƙerin birnin Edinburgh. Sai aka bar gindin harsashin da faɗinsa na da, aka tsuke wuyansa zuwa inci 0.45, daga nan lambobin biyu suka fito. Ƙwayar dalma ce mai nauyin kusan giram 31, an naɗe ta da takarda, tana fita da gudun da ya ɗan haura mita 400 a daƙiƙa. Ana ɗaure su goma-goma a ƙunshin takarda da zare. Da wannan bindiga sojan Ingila suka yi yaƙin Zulu a 1879, a Isandlwana inda aka murƙushe su, da Rorke's Drift inda suka tsira.

Kwanson farko ba dunƙulen tagulla ba ne. Siririn fallen tagulla ne ake naɗewa, a liƙa shi a kan faifan ƙarfe a gindi, bisa tsarin Kanar Edward Boxer na ma'aikatar makamai ta Woolwich. Wanda ya taɓa ganin hotonsa zai lura duk jikinsa a yamutse yake, da ɗan yatsa ma ana iya lotsa shi. A sanyin Ingila yana aiki. A zafin Afirka, idan bututu ya ɗau zafi kuma tokar albarushi ta taru, fallen sai ya manne a mazauninsa, soja ya danna mariƙin ƙasa, ƙugiyar da ke fitar da kwanso ta fizgo faifan gindi kaɗai ta bar sauran a ciki. Haka ta faru a Sudan a 1884 da 1885, har da gwabzawar Abu Klea a Janairun 1885, inda mayaƙan Mahadi suka kai har cikin sahun Turawa. Ƙorafin da ya biyo baya ya sa aka koma kwanson tagulla dunƙule wanda inji ke miƙarwa daga faifai guda, irin wanda ake yi har yau.

Gyaran ya zo a makare. A 1884 Paul Vieille na Faransa ya riga ya haɗa albarushi marar hayaƙi, a 1886 bindigar Lebel ta fito da shi, kuma cikin 'yan shekaru duk manyan rundunonin Turai suka watsar da manyan ƙwayoyin dalma suka koma ƙanana masu riga ta ƙarfe da gudun da ya fi na da nesa. Ingila ta karɓi harsashin .303 a 1888, ta fara ɗura masa nata sabon albarushin mai suna kodayit a 1891. Ita kuwa Martini sai aka tura ta ga 'yan sandan ƙasashen da ake mulka, da sojojin ƙawaye irin su Nefal, da manoma Turawa a Afirka ta Kudu da Ostireliya. Wasu aka sace, wasu aka kwaikwaya. Maƙeran yankin Khyber, tsakanin Afganistan da Pakistan ta yau, sun daɗe suna ƙera irinta da guduma da magagari.

A nan ne gwamnatoci suka nuna sun fahimci inda ƙarfin bindiga yake. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogi masu tsagar bututu da masu ɗuri ta gindi tare da harsasansu, a duk faɗin yankin da ke tsakanin digiri 20 arewa da digiri 22 kudu, yankin da ƙasar Hausa ke cikinsa. Abin da aka bari shi ne bindigar ƙanƙara da albarushin kasuwa. Wannan na cikin dalilan da suka sa bindigar toka ta zauna da gindinta a hannun mafarautanmu: ba ta buƙatar kwanso daga wata masana'anta a Turai, maƙerin gari da albarushin gida sun ishe ta. Sannan wajen 1907 hukumomin Ingila suka hana shigar da bindigogi da harsasai masu faɗin .450 cikin Indiya da Sudan, saboda gudun kada masu tawaye su kwance harsasan farauta su ciyar da Martinin da ke hannunsu. Haramcin ya shafi .450 Nitro Express, wanda kamfanin Rigby ya fitar a 1898 kuma mafarautan giwa suka dogara da shi. Nan take maƙeran Landan suka ƙirƙiro wasu masu faɗi kaɗan daban don su kauce wa dokar: Holland & Holland suka yi .465, Joseph Lang ya yi .470, wasu suka yi .475. Doka ɗaya ta haifar da tarin harsasai masu aiki iri ɗaya amma babu wanda ke shiga mazaunin ɗan'uwansa, kuma kusan dukkansu masana'anta ɗaya ke ɗura su.

Masana'antar ita ce Kynoch, wadda George Kynoch ya kafa a Witton da ke Birmingham a 1862. Muddin tana aiki, mai bindigar .470 a Nairobi ko mai .450/400 a Assam ba shi da damuwa. Sai duniya ta juya. Indiya ta sami 'yanci a 1947, Tanganyika a 1961, Uganda a 1962, Kenya a 1963, jami'an mulkin mallaka masu sayen irin waɗannan harsasai suka koma gida. A 1956 kamfanin Winchester ya fitar da .458 Magnum a bindiga mai araha wadda ke yin aikin da bindigogin Landan masu tagwayen bututu masu tsada ke yi. Wajen 1970 Kynoch ta rufe sashen harsasan farauta, a 1977 kuma Kenya ta haramta farautar baki ɗaya. Bindigogin da aka yi watanni ana ƙera kowace ɗaya da hannu sai darajarsu ta faɗi warwas, don babu abin da za a sa musu.

Mutum zai ce ai akwai ragowar tsofaffin harsasai a akwatuna. Akwai, amma ba abin dogaro ba ne. Tagullar da aka miƙar da inji tana riƙe da wani ɗauri a cikinta, kuma da daɗewa wuyan kwanso yakan tsage da kansa. Sojan Ingila a Indiya sun daɗe suna ganin haka a lokacin damina ba su san dalili ba, sai a 1921 masana suka tabbatar cewa iskar amoniya ce daga fitsarin dawaki, domin a barga ake ajiye akwatunan idan ruwa ya sauka. Tsohon ƙyastu shi ma yana mutuwa, ko ya yi abin da ya fi mutuwa haɗari, wato ya yi jinkiri: a ja kunama a ji shiru, sai bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu ya tashi, wataƙila mai bindigar ya riga ya fara buɗe ta. Ƙyastun da aka haɗa da zaiba yana sa tagulla ta yi gautsi, wanda aka haɗa da gishirin kulorat kuma yana barin abin da ke jawo laima ya cinye bututu da tsatsa cikin kwanaki in ba a wanke da ruwa ba. Ga shi kuma ƙunshin asali mai takardarsa da zarensa ya zama kayan tarihi shi kansa, harba shi ɓarna ce.

Don haka sai a sake ƙerawa, kuma kwanso ne babban tarnaƙi. Kafa injinan miƙar da tagulla na cin kuɗi mai yawa, babu babban kamfanin da zai tsayar da layin da ke fitar da miliyoyi don ya yi dubu biyar. Masu sha'awa suka bi ta wata hanya: nemo harsashin da har yanzu ake yi wanda gindinsa ya yi daidai da na mamacin, a sake masa siffa. Dangantakar harsasai tana taimakawa, domin da yawansu daga uwa ɗaya suka fito. Ga Martini da Snider, abin da ya cece su bayan cinikin Nefal shi ne kwanson tagulla na bindigar tsuntsaye mai lamba 24, wanda kamfanin CBC na Burazil ke yi da sunan Magtech. Gindinsa ya yi kusa ƙwarai da nasu. Ana tausasa bakinsa da wuta, a matse shi sannu a hankali cikin mazubin ƙarfe har wuya ya fito. Aiki ne na haƙuri, da yawa suna lanƙwashewa a hanya, kuma wanda ya tsira bai kai na asali kauri ba. Wanda ke da kuɗi sai ya sayi na kamfanin Bertram da ke jihar Victoria a Ostireliya, wanda ya shahara da yin kwansunan da kowa ya bari, ko ya sayi waɗanda aka fafe ɗaya bayan ɗaya daga sandar tagulla.

Akwai waɗanda wannan dabara ba ta kai musu. Harsasan da ƙyastunsu ke zagaye cikin leɓen kwanso, irin .44 Henry na zamanin yaƙin basasar Amurka, da .41 na bindigar Vetterli ta Suwizalan, da .32 na ƙananan bindigogin gona, ba a sake ɗura su, tunda allura ta riga ta lotsa leɓen. Su sai dai wata masana'anta ta yarda ta yi zubi na musamman, abin da ba ya faruwa sai jefi-jefi. Haka ma harsasan takarda na bindigar Dreyse ta Furusiya da Chassepot ta Faransa, waɗanda ake naɗe kowanne da hannu.

Ƙyastu kuwa yana da nasa tarihin. A 1866 Boxer ɗan Ingila da Hiram Berdan ɗan Amurka kowa ya fito da nasa tsarin. Turai ta rungumi na Berdan, Amurka ta rungumi na Boxer. Na Boxer yana da rami ɗaya a tsakiya, cire wanda aka harba a sa sabo abu ne mai sauƙi. Na Berdan ramukansa ƙanana ne a gefe, cire shi wahala, kuma girman da Kynoch ke amfani da shi a manyan harsasanta ya daɗe da ɓacewa daga kasuwa. Shi ya sa kusan duk sabon kwanson da ake yi wa tsohuwar bindigar Ingila a yau ƙyastun Boxer yake ɗauka, ko da na asalinsa Berdan ne.

Sai batun awo, inda sunaye ke yaudarar baƙo. .38-40 na Winchester ƙwayarsa inci 0.40 ce. .44-40 tasa ba ta kai 0.43 ba. Martini da ake kira .45 tana son ƙwayar da ta kusa 0.47 idan an haɗa da takardar naɗinta, wanda ya sa mata ƙwayar .458 ta zamani zai ga tana lilo a bututu tana faɗawa inda ta ga dama. Hukumomin da ke tsayar da ma'aunin harsasai, CIP ta Turai da aka kafa a 1914 da SAAMI ta Amurka ta 1926, duk sun zo ne bayan an gama ƙera waɗannan bindigogi. Kowane maƙeri da nasa awon. Abin ya fi tsanani a bindigogin Gahendra, waɗanda aka ƙera a Nefal da hannu bisa zanen Janar Gahendra Shamsher Rana: suna ɗaukar harsashin Martini, amma faɗin bututunsu ya bambanta daga wannan zuwa waccan, ƙarfensu kuma ba kamar na Enfield ba ne. Masana da yawa suna ba da shawarar a rataye su kawai, kuma ni ma ra'ayina ke nan. Mai hankali ba ya fara komai sai maƙerin bindiga ya duba ta, ya ɗauki siffar mazaunin harsashi da ƙarfe mai saurin narkewa, ya auna bututun da dalma mai laushi.

Inda ake rasa yatsu da idanu shi ne wajen albarushi. Baƙin albarushi na da, na gawayi da kibiritu da gishirin bindiga, matsinsa yana da iyaka, kuma an yi manyan kwansunan nan ne don a cika su da shi taf. Albarushin zamani kaɗan daga cikinsa ya fi wancan ƙarfi nesa, matsin da yake bayarwa kuma yana hawa da sauri fiye da abin da ƙarfen 1870 ya san da shi. Hatimin gwaji da gidajen gwajin bindiga na Landan da Birmingham suka buga a jikin tsohuwar bindiga shaida ce ta cewa ta jure baƙin albarushi a ranar da aka gwada ta, shekara ɗari da wani abu da suka wuce, ba ta ce komai a kan yau ba. Dubi .45-70, harsashin sojan Amurka na 1873, wanda ya kusa mutuwa kafin kamfanin Marlin ya sake yi masa bindiga a 1972. Littattafan masu ɗuri sun raba shi gida uku: na tsohuwar Springfield mai rauni, na Marlin, da na bindigogin zamani masu ƙarfi irin Ruger No. 1. Duk ukun siffarsu ɗaya, duk suna shiga mazauni ɗaya, amma na ukun yana iya tarwatsa bindigar farko. Saboda haka manyan kamfanoni suke ɗura nasu daidai ƙarfin mafi rauni. Mutumin da ke aiki a garejinsa ba shi da na'urar auna matsi, yana dogara ne da alamu, alamun kuma a tsohuwar bindiga sukan bayyana bayan lokaci ya ƙure.

Duk da haka ba zan ce a bar aikin ba, domin akwai ilimin da ba ya zama a takarda. Baƙin albarushi yana barin fiye da rabin nauyinsa a matsayin toka. Magabata sun san haka, shi ya sa a harsashin Martini suka sa ɗan curin kakin zuma tsakanin faya-fayen kwali a bayan ƙwaya, don ya narke ya tausasa tokar. Takardar naɗin ana jiƙa ta, a zagaya ƙwayar da ita sau biyu, a murɗe jelarta a gindi, idan ta bushe ta kama dam. Aikinta ta hana dalma gogar ƙarfe, sannan ta yage ta faɗi da zarar ƙwaya ta bar baki. Fara ce ga doguwar bindiga, ja ga gajeriyar ta mahaya dawaki, don kada soja ya rikita su. Wanda ya sake haɗa wannan duka ya harba ashirin a jere a rana mai zafi zai ji yadda bututu ke ƙona hannu, yadda dukan ƙota a kafaɗa ke ƙaruwa yayin da toka ke taruwa, yadda farin hayaƙi ke rufe abin da ke gabansa. Masanin tarihin da ke son fahimtar abin da ya faru a Isandlwana ko Abu Klea yana buƙatar wannan shaida, rahoton hafsoshi kaɗai ba ya ba da ita.

Tagwayen bututun farautar giwa su kuma suna da wata larura ta daban. Bututu biyu da aka liƙa gefe da gefe ba sa harbi wuri ɗaya da kansu. Maƙeri yakan harba, ya narkar da liƙin, ya ɗan gusa su, ya sake liƙewa ya sake harbawa, har sai ƙwayoyin biyu sun faɗi kusa da juna a nisan da aka zaɓa. Wannan daidaito na harsashi ɗaya ne tak, mai nauyin ƙwaya kaza da gudu kaza. In gudun ya ƙaru ƙwayoyin sukan gitta juna, in ya ragu su ware. Kodayit, wanda ake zuba shi sili-sili a kwanso kafin a tsuke wuya, an daina yin sa. Dole mai farfaɗowa ya nemo a cikin albarushin zamani wanda zai kwaikwayi halinsa, ya kuma sami ƙwaya mai siffar ta Kynoch. Wannan aikin ɗakin gwaji ne mai na'urori.

Kamfanoni ne suka yi shi a ƙarshe, ƙanana da farko. Jim Bell a jihar Illinois ya fara miƙar da kwansunan Nitro Express da sunan BELL lokacin da babu mai yi. Woodleigh a Ostireliya ta kwaikwayi ƙwayoyin Kynoch. A 1989 Federal, ɗaya daga manyan kamfanonin Amurka, ya fitar da .470 Nitro Express da .416 Rigby na 1911, daga baya Hornady da Norma suka bi sahu, wani kamfani a Ingila mai suna Kynamco kuma ya dawo da sunan Kynoch kansa. A wani ɓangaren, wasan harbi da kayan zamanin kaboyi, wanda ƙungiyarsa ta SASS ta kafu a 1987, ya ta da .44-40 da .38-40 da .45 Schofield da .44 Russian. Maƙeran Gardone Val Trompia a Italiya, irin su Uberti da Pedersoli, suna ƙera sababbin bindigogi a kan tsohon zane, Starline a jihar Missouri tana yin kwanso, Black Hills a Dakota ta Kudu tana ɗurawa. Sai dai igiyar siririya ce. Da gobara ta cinye masana'antar Woodleigh a ƙarshen 2021, masu tagwayen bututu a nahiyoyi da dama suka shiga neman ƙwaya ruwa a jallo.

Sunan .44 Russian ya kai mu ga ɓangaren da masu wannan sha'awa ba sa son a daɗe a kai. Dokokin ƙasashe da yawa sun sassauta wa tsohuwar bindiga bisa zaton cewa harsashinta ya mutu. A Amurka dokar tarayya ba ta lissafa wadda aka ƙera a 1898 ko kafin nan cikin bindigogin da take sa wa ido. A Birtaniya sashe na 58(2) na dokar bindigogi ta 1968 ya yarda mutum ya mallaki tsohuwar bindiga ba lasisi, muddin don ado ko tarihi ya ajiye ta, kuma ma'aikatar cikin gida tana da jerin harsasan da take ɗauka sun shuɗe. Zaton yana da ma'ana a ranar da aka rubuta shi. Amma duk abin da na bayyana a sama hujja ce cewa harsashi ba ya mutuwar da ba a iya ta da shi.

Ƙwararrun hukumar NABIS ta Birtaniya, mai binciken harsasan da aka tsinta a wuraren aikata laifi, sun fara lura da wasu harsasan tsofaffin ƙananan bindigogi, sababbin ɗuri, masu ɗauke da tabon kayan aiki iri ɗaya. Sawun ya kai su gidan wani dillalin bindigogi mai rajista a yankin Gloucestershire. Yana shigo da tsofaffin bindigogin hannu, yana ɗura musu harsashi a gida, kayan suna bi ta hannun wani mai shiga tsakani su isa ga 'yan daba. An danganta kayansa da wuraren laifi sama da 100, har da kisan kai uku da harbin jirgin 'yan sanda mai saukar ungulu a tarzomar 2011. A Disambar 2017 kotu a Birmingham ta ɗaure shi shekara 30. A 2021 aka yi sabuwar ƙa'ida: bindiga ba ta shiga sahun tsofaffi sai an ƙera ta kafin 1 ga Satumba 1939, aka kuma cire harsasai bakwai daga jerin, cikinsu da .44 Russian da .41 Colt da .320 na Ingila. Duk bakwai ɗin na ƙananan bindigogin hannu ne. .577/450 yana nan a jerin, domin ɗan daba ba ya yawo da bindiga mai tsawon fiye da mita guda wadda ke cin harsashi ɗaya ɗaya tana tada hayaƙi.

Na ga hikima a wannan rarrabewa. Ba a hukunta mai Martini a bango saboda laifin wani ba, amma an amince cewa jerin harsasan da suka shuɗe abu ne da sai an riƙa waiwayarsa, tunda kasuwa da masu fasaha suna canza gaskiyar da aka gina shi a kai. A Birtaniya duk wanda ya so ya harba tsohuwar bindigarsa, ko ya ajiye harsashinta, sassaucin ya faɗi, sai ya sa ta a lasisinsa kamar kowace bindiga. Nan ya kamata layin ya tsaya a ko'ina: mallakar ƙarfen tarihi abu ɗaya, haɗa shi da harsashi mai rai abu na biyu mai buƙatar izini da rajista da gwajin matsi. A Nijeriya dokar bindigogi ta 1959 ba ta ba mutum damar ƙera harsashi a gidansa ba, kuma a halin da Zamfara da Katsina da Sakkwato ke ciki, inda kowane harsashi da ya sulale daga hannun hukuma yake iya ƙarewa a jikin manomi, ba na fatan a sassauta wannan ko kaɗan. Tsofaffin bindigogin da ke fadojin sarakuna da gidajen tarihinmu abin da suke buƙata shi ne mai, da ɗaki marar laima, da wanda zai karanta hatimin da ke jikinsu ya rubuta inda aka ƙera su da yadda suka iso.